Fasfona a Taga ta Uku

"Fasfonki za ki kai musu?!"

Baba ya ajiye almakashin da yake yanka hotuna da shi, ya juyo gaba ɗaya yana kallona ta saman gilashinsa.

Na sunkuyar da kai ina murza bakin mayafina. "Wata tara ne kawai, Baba..."

"Wata tara! Mutumin da aikinsa shi ne ya shiga rediyo ya ce gobe za a yi ruwa, a wayi gari rana kamar ta ƙona mutum, shi ne za ki rataya rayuwarki a kan alƙawarinsa?"

Goggo, ƙanwar Baba, tana zaune a bencin masu jira. Ba ta taɓa barin magana ta wuce ta ba.

"Ni tun ranar farko yaron nan bai kwanta mini ba. Kullum haƙora a waje! Irinsu ne ke zuwa can su ga titi mai fitila su manta hanyar gida."

Shagonmu na ɗaukar hoto yana kallon ofishin fasfo, titi ne kawai a tsakani. Shekara biyu ke nan da gwamnati ta fito da dokar: ba mai fita daga ƙasar sai ya kawo wanda zai tsaya masa. Mai tsayawar zai miƙa nasa fasfon a kulle a ofis. In matafiyi ya dawo a kan lokaci, a mayar masa. In bai dawo ba, an soke fasfon mai tsayawa har abada, ba shi ba ƙetare iyaka.

Shi kuwa wanda ake wannan rigima a kansa, a gaban farin ƙyallen shagonmu na fara ganinsa. Ma'aikacin hasashen yanayi ne, ofishinsu ya zaɓe shi ya je kwas a waje. Na zaunar da shi, na ce abin da nake faɗa wa kowa.

"Kar ka motsa. Kar ka yi murmushi, ba sa karɓa."

Ya yi murmushi.

Sau goma sha ɗaya ina ɗauka ina gogewa. Da na haɗe rai na ce, "Malam, wasa ka zo yi?" sai ya ce, "Wallahi ina ƙoƙari. Ki daina leƙowa ta bayan kyamarar, sai in iya."

Tun ranar nake ce masa Sarkin Murmushi, shi kuma yana ce mini Kar-Ka-Motsa. Kafin takardunsa su kammala an ci wata biyar, kuma a cikin wata biyar ɗin nan zuciyata ta gama tafiya ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Abu ɗaya ya rage masa, mai tsayawa. A danginsa kaf ba mai fasfo sai kawunsa, shi kuwa ya ce ko ɗan cikinsa ba zai tsaya wa ba.

Ni ina da fasfo, sabo fil, ko hatimi ɗaya babu a ciki. Na yi shi ne don in je in ga Mama. Tun ina 'yar shekara goma sha huɗu suka rabu da Baba, ta yi aure a wata ƙasa. Shekara tara sai dai murya a waya da fuska a allo. Baba yana da nasa fasfon a aljihun tebur, cikin tsofaffin kyamarori, amma duk lokacin da na roƙe shi ya tsaya mini sai ya ce, "Ba yanzu ba." Na san abin da yake tsoro. Gani yake in na je ba zan dawo ba.

Shi ya sa ranar na ɗago kai na ce, "Baba, fasfon da ba zai kai ni wurin Mama ba, me zan yi da shi? Gara ya yi wa wani amfani."

Ya ɗauki almakashinsa ya ci gaba da yanka, har ya yanke wa wani bawan Allah kunne a hotonsa.

*

A taga ta uku ake miƙa fasfon masu tsayawa. Jami'in da ke wurin na san shi sarai. Sau huɗu yana zuwa shagonmu ɗaukar hoton da ba ya buƙata, sau biyu yana aiko da magana ta bakin Goggo.

Ya juya fasfona a hannunsa. "Kin san cikin goma nawa ke dawowa?"

"Ban tambaya ba."

"Uku." Ya kalli Sarkin Murmushi sama da ƙasa. "Kuma masu dawowar ba irin wannan ba ne."

Ya buga hatimi, ya jefa fasfona a akwatin ƙarfe, ya murɗa makulli. Ƙarar nan har cikin ƙirjina na ji ta.

Da muka fito, Sarkin Murmushi ya tsaya a bakin matakala.

"Rabin raina, har yanzu za ki iya fasawa..."

"An riga an kulle."

"To ki saurare ni. Hasashen ruwa ina kuskure, ban musa ba. Wannan ba hasashe ba ne. Zan dawo."

Ya tafi ranar Talata.

Watanni suka yi ta tafiya. Kullum bayan la'asar yake kira, ya nuna mini na'urorinsu, ya nuna mini gajimare ta tagar ajinsu yana faɗin sunan kowanne kamar 'yan uwansa. Ni kuma ina zaunar da mutane a gaban farin ƙyalle. A da fuskar matafiyi kawai nake kallo. Yanzu na koma kallon wanda ya rako shi, wanda ke zaune a benci shiru da fasfo a hannu: uwa, miji, yaya, aboki. Ina mamakin wanda ya zauna ya tsara dokar nan. Ya san mutane ƙwarai. Ya san katanga ana haurawa, amma mutum ba ya iya haura wanda yake ƙauna.

A wata na bakwai mijin Mama ya kira.

"Jikin nata ya yi tsanani. Likitoci sun ce... in da mai son ganinta, ya zo yanzu."

Wayar ta suɓuce daga hannuna. Baba ya tsince ta, ya saurara, fuskarsa ta canja. Ya buɗe aljihun tebur, ya ture kyamarori, ya fito da fasfonsa.

"Tashi mu je. Ni zan tsaya miki."

Shekara biyu ina jiran wannan kalmar, sai ranar ta zo.

Jami'in taga ta uku ya buɗe fasfon Baba, ya turo shi baya da yatsa ɗaya. "Wannan ya mutu tun bara. Sabuntawa wata huɗu ne." Ya juyo gare ni. "Naki kuma a kulle yake sai mutuminki ya dawo."

Baba ya dafa bango. Ban taɓa ganin tsufansa ba sai ranar.

Muna juyawa jami'in ya kira ni ni kaɗai, ya rage murya, ya turo wata takarda ta ƙarƙashin gilashi.

"Akwai hanya. Ki sa hannu a nan cewa yaudararki ya yi, kin gano ba shi da niyyar dawowa. Yau ɗin nan fasfonki zai fito. Mai tsayawa kuma..." ya dafa ƙirjinsa, "ga ni."

"Shi fa?"

"Sunansa zai shiga jerin waɗanda ake nema. In ya sauka a kama shi. Amma ai da ma ba dawowa zai yi ba."

*

Kwana uku takardar nan tana cikin jakata.

Goggo ta zo har ɗakina. "Uwa fa ɗaya ce, 'yar nan! Namiji kuwa ga su nan kamar yashi. Sa hannu kawai!"

Ba zan yi ƙarya ba, na ɗauki biro. Sau biyu. Ina son Mama son da ba ya faɗuwa, ina jin haushin Baba, ina jin haushin kaina, har Sarkin Murmushi na ji haushinsa, shi da bai san komai ba. In ya kira sai in wanke fuska in zauna inda haske bai da yawa.

"Kar-Ka-Motsa, muryarki ta canja."

"Mura ce."

"Saura sati bakwai jarrabawar ƙarshe, hasken idona. In na karɓi takardar shaidar gama kwas, sai maganar aurenmu."

Ta yaya zan ce masa ya bar abin da ya yi shekara shida yana nema?

A rana ta uku na yi magana da Mama. Ta rame har sai da na nemi fuskarta a cikin filo. Ban gaya mata zancen takardar ba. Ita ce ta ce, da ƙyar, "Yaron nan mai dariya... yana kula da ke?"

"Yana yi, Mama."

"To alhamdulillahi. Na samu natsuwa."

Na kashe wayar na zauna. In na sa hannu, da wace fuska zan shiga ɗakinta? In ce mata na zo, Mama, na sayar da wanda kika samu natsuwa da shi na yi kuɗin hanya?

Na tsallaka titi na tura takardar ta ƙarƙashin gilashi yadda aka ba ni ita.

"Bai yaudare ni ba," na ce. "Ba zan rubuta abin da bai faru ba."

"Za ki yi nadama."

"Na sani."

Na koma shago na shiga bayan farin ƙyalle na yi kuka har muryata ta dishe. Baba yana jina. Can na ji ya ɗauki wayata daga kan tebur ya fita waje, ban ko tambaye shi ba.

Bayan kwana huɗu, da hantsi, ina goge gilashin kyamara na ji an zauna a kujerar ɗaukar hoto. Ban ɗago ba na ce, "Kar ka motsa, kar ka yi mur..."

"Wallahi ina ƙoƙari."

Kyamarar ta kusa faɗuwa.

Yana zaune da jakarsa a tsakanin ƙafafunsa, idanunsa jajur don rashin barci.

"Kai! Jarrabawarka fa?!"

"Tana can."

"Za su sake ba ka dama?"

"A'a." Ya miƙe. "Baba ya gaya mini komai, har da takardar. Wata bakwai kina kulle saboda ni, Mama tana kwance, kika ce mini mura? Haba, rabin raina... Haba!"

Na kalli Baba. Ya duƙufa a kan almakashinsa kamar ba ya wurin.

"Na ce masa hasashensa na ruwa bai taɓa yi mini daidai ba," ya faɗa ba tare da ya ɗago ba. "Na ce ga dama ɗaya ya ƙaryata ni."

Mu uku muka tsallaka titi. Jami'in ya buɗe akwatin ƙarfe kamar ana zare masa haƙori, ya miƙo fasfona.

"Sai dai har yanzu ba ta da mai tsayawa."

Sarkin Murmushi ya ajiye nasa fasfon a gaban jami'in.

"Ka san uwarta ce a can?" in ji jami'in. "Ka san in ba ta dawo ba, kai da jirgi har abada?"

"Buga hatimin, Malam."

*

Kwana goma sha shida na samu da Mama. Na taje mata kai, na yanke mata farce, na ba ta labarin hoto goma sha ɗaya har ta yi dariyar da ta sa ta tari. A hannuna ta cika, ranar wata Laraba da safe.

Bayan an share makoki mijinta ya ce in zauna. Ga ɗaki, ga aiki a shagon wani abokinsa, ga ƙasar da ba a tambayar kowa wa zai tsaya masa. Ba zan ɓoye ba, na zagaya titunan garin nan ina jin iska ta daban a ƙirjina, kuma na fahimci bakwai ɗin nan da ba sa dawowa. Ban ƙara zaginsu ba har yau.

Saura kwana biyu wa'adina ya cika na sauka.

Na hango su a bayan igiyar masu tarba. Baba, da Goggo da ta riga ta fara gaya wa mutane ita ce ta haɗa aurenmu. Shi kuma yana tsaye a gefe, ya ƙura wa ƙofa ido, bakinsa a rufe gam, fuskar nan ba ko alamar fara'a. Daidai yadda ofishin fasfo ke so. Abin da na yi sau goma sha ɗaya ina nema ban samu ba, ga shi tsoro ya ba ni a kyauta, kuma ban taɓa ganin abin da na tsana kamarsa ba.

Na saki jakata na tsaya a gabansa.

"Malam," na ce, hawaye na zubo mini, "yi murmushi mana."