Sandar Kiwon Buba

Zuwaira na tankaɗe a tsakar gida saƙo ya iso daga Ba'awa: idon mahaifinta ya rufe, ba ya gani, ga damina ta ƙarato, babu mai riƙe masa fartanya. Ita kaɗai ya haifa. Ta ajiye rariya ta yi ta kuka har mijinta Buba ya dawo daga kiwo. Bai tsaya dogon tunani ba, ya ce can za su koma.

Sai dai akwai maganar karsana. Shanun Dikko yake kiwo a Burumburum, bisa alkawarin in shekara ta cika a ba shi karsana ladan kiwo, kuma saura ƙiris ta cika. Har ya zaɓi tasa a zuci, wata ja mai farin goshi, wadda yake fatan ta zama mafarin garkensa.

Zuwaira kuwa akwai bin diddigi. Ta tambayi masu tallar nono hukuncin makiyayin da ya bar kiwo kafin shekara ta cika, ta tare tsofaffi a bakin rijiya, har sai da aka fara yi mata dariya. Amsar dai ɗaya ce: makiyayin da ya ajiye sanda da kansa a gaban mai shanu ya tafi hannu rabbana. Wanda kuwa mai shanu ya karɓe sandar daga hannunsa, ko laifi ya yi, sai an sallame shi da ladansa.

Da Inna Kulu, mahaifiyar Buba, ta ji haka, ta kafa masa oda. Ko dai Zuwaira ta tafi ita kaɗai, ko ya saki shanun su afka lambun albasar mutane, Dikko ya fusata ya kore shi.

"Wahalar shekara guda za ka zubar saboda mace?" in ji ta.

Buba ya kusa amincewa, don yana son karsanar nan kamar me. Zuwaira ce ta durƙusa, hawaye na zuba.

"Inna, ki yi haƙuri. Mai lambun nan shi ma wahalarsa ce. Gara mu tafi da zanen jikinmu."

Washegari da hantsi Buba ya sami Dikko a gindin tsamiya, cikin dattawa. Ya gaishe shi, ya zayyana masa komai, har shawarar lambu bai ɓoye ba. Dikko, wanda kowa ya san ba ya karya al'ada ko don ɗansa, ya ce to, ai ya san hukuncin. Buba ya ce ya sani. Ya sunkuya zai ajiye sandar.

Sandar ba ta kai ƙasa ba, tsohon ya yi wuf ya fizge ta.

"Ku shaida, ni na karɓe. Na kore ka, Buba. Je ka kamo jar nan mai farin goshi da kullum nake ganin idonka a kanta, ka ɓace mini da gani."

Haka suka kama hanyar Ba'awa, karsana a gaba, Inna Kulu a baya tana cewa ita dama ta san za a yi haka. Wanda ya haƙura ya bar haƙƙin wani, Allah ba ya barin nasa ya faɗi ƙasa.