Takobin da Ya Ƙi Fita Kube

A zamanin da, tun jiragen ruwa na tafiya da iska, an yi wani ƙaramin jirgin sojan Ingila mai gudu kamar shaho. Kowane matuƙi a cikinsa yana da gajeren takobi mai faɗi, na yaƙi da na saran igiya.

Akwai wani matuƙi mai son ado. Kullum yana zaune yana goge kuben takobinsa har ya yi ƙyalli.

Sarkin jirgi ya ce masa, "Kai, zare shi ka shafa mai! Ruwan gishiri ba ya raga wa ƙarfe."

Ya ce, "Ranka ya daɗe, dubi yadda kube ke ƙyalli."

Aka jima sarkin jirgi ya sake magana, ya yi ta yi har ya gaji. Amsa dai ɗaya ce: "Dubi yadda kube ke ƙyalli."

Ran nan guguwa ta karya itacen filafili, wato dogon itacen da ke riƙe da ƙyallen kama iska, ya faɗa teku, igiyoyinsa suna jan jirgi zai kife. Mai ado ne a kusa.

Sarkin jirgi ya daka masa tsawa, "Sare igiya!"

Ya ja takobi, ya ja, tsatsa ta riƙe shi gam. Kafin wasu su iso su sare, gangunan ruwan sha duk sun gangara teku.

Da ƙyar suka kai wani tsibiri, ƙishirwa kamar ta kashe su. Kowa ya sari kwakwa da takobinsa yana sha.

Mai ado ya ce, "Ranka ya daɗe, ni fa?"

Sarkin jirgi ya cilla masa kwakwa guda. "Ungo. Nuna mata yadda kube ke ƙyalli."