Fim ɗin da Ba a Ce Masa Kat Ba

Fim bakwai Darakta ya yi, ko matarsa ba ta kalli ɗaya har ƙarshe ba. Da abin ya ishe shi, sai ya ɗauki kyamararsa da tsakar rana ya nufi gidan boka.

Ɗakin ba taga. Jan ƙyalle a bango, ƙahon rago a rataye, ga ƙwarya cike da baƙin jinin da ko ƙuda ba ya sauka a kai. Boka ya tsoma yatsa ya shafa wa idon kyamarar.

"Fim za ka yi, na saurayin da ya haukace a kan matar yayansa. Ƙanenka da matarka ne za su fito a ciki."

"Ranka ya daɗe, wannan ai abin kunya ne."

"Kunya ka zo nema ko arziki?"

Darakta ya ce, "Me zan bayar?"

"Kalma ɗaya daga bakinka."

Har dariya Darakta ya yi. Banza ta faɗi, in ji shi.

Ranar ɗauka ta ƙarshe, ƙanen, ɗan shekara ashirin da huɗu, ya durƙusa riƙe da gefen mayafin matar yayansa yana kuka. Darakta ya buɗe baki zai ce "Kat!", kalmar da yake tsayar da wasa da ita. Iska kawai ta fito. Mai kyamara ne ya gaji ya kashe.

Fim ya fito. Malamai suka tsine, hukuma ta hana, shi ya sa kowa ya kalla. Gidan bene, motoci, 'yan maula a ƙofa.

Amma ƙanen bai fita daga wasan ba. Ya daina ci. Tun safe yana tsaye a ƙofar ɗakinta, yana maimaita kalaman da yayansa ya rubuta masa.

"Ɗan nan, ka tsayar da ɗan'uwanka!" in ji mahaifiyarsu. Da wannan baƙin cikin aka binne ta.

A fim ɗin, rijiya matar ta faɗa. Darakta ne ya rubuta haka da hannunsa. Ranar wata Talata a rijiya aka tsamo gawar matarsa. Ƙanen kuwa sai da aka sa masa mari a ƙafa.

Darakta ya koma wurin boka yana rarrafe.

"Kai ne darakta," in ji boka. "Ka ce kat mana."

Darakta yana nan bakin tasha yanzu, tsumma a jiki, hannu a sama, baki buɗe. Ni dai ban tausaya masa ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kuma duk wanda ya ga araha a wurin boka, ya fara ƙirga mutanen gidansa.