Abin da Na Gani a Jinin Aisami

"Hamsatu, ɗago mana! Ko aljani kika gani a jinin nawa?"

Ban ɗago ba.

Idona na manne da mikroskop. Ƙwayoyin jinin da ɗazu suke zagaye sumul sun fara lanƙwashewa ɗaya bayan ɗaya, kamar lauje.

"Tauraruwata... yi magana mana."

Aisami ɗan kawuna ne, taubashina. Tun muna ƙanana kowa a Gure ya san ni ce matarsa, jarrabawar bak ta kammala sakandare kawai ake jira mu ci a ɗaura aure. A hutun vakansin bana aka zaɓe mu cikin ƴan makarantar lise da ake zagayawa da su, su ga yadda masana ke aiki. Mun je wurin likitan dabbobi a Kelle, mun ga masu kafe tudun rairayi da kara don kada ya binne gonaki. Ranar nan laboratuwar ce, inda ake gwajin jini.

Madam Biba, mai koya mana, ta ce da gilasan da ta tanada za mu koya. Aisami ya ƙi, ya miƙa mata yatsa.

"Madam, a gwada nawa! Ina so wannan mai tsiwar ta ga jinin maza da idonta."

Aka yi dariya, har da ni. Ni ce ma na soke shi da allurar.

To dokar ajin ita ce, duk wanda ya ga wani abu a mikroskop sai ya matsa kowa ya leƙa. Fa'iza ce a bayana, ƴar ajinmu da ta daɗe tana yi wa Aisami kallon da ban so. Ta ture ni da kafaɗa, ta leƙa.

"Kai! Madam, wannan ba shi ne emasi ɗin, amosanin jinin da kika zana mana a allo ba?"

Kowa ya juya ya dubi Aisami.

Madam Biba ta duba, ta zare gilashin da sauri.

"Wannan sirrinsa ne, kada na ji shi a bakin kowa. Kuma ɗaukar irin amosanin jini ba ciwo ba ne. Sai in miji da mata duka suna ɗauke da shi ake jin tsoro saboda ƴaƴa."

Murmushin Aisami ya mutu a fuskarsa.

Ya sani. Ƙannena biyu, Salihu da Zulkiflu, wannan ciwon ne ya tafi da su. Bayan rasuwarsu aka gwada ni, aka ce ina ɗauke da irin.

Kafin mu isa gida, Fa'iza ta riga ta biya "gaida Inna".

Na tarar da Inna zaune a gindin turmi, hatsin da take sussuka a watse, kaji na ci ba ta kore su ba.

"Gaskiya ne?"

"Inna, gwajin koyo ne kawai... sai an sake a Damagaram..."

"Na ce gaskiya ne, Hamsatu?"

Na durƙusa na fashe da kuka.

Da la'asar Kawu Burahima, mahaifin Aisami, ya shigo, ransa a ɓace.

"Mairamu, wace irin magana nake ji? Cuta da lafiya a hannun Allah suke! Saboda wasan ƴan makarantar lekol za ki raba zumunci? Ni da na ce a bar su su je ganin ilimi, ashe tsiya za su kwaso mana!"

"Yaya," Inna ta ce, muryarta ƙasa ƙasa, "kai ka ɗauki Salihu a hannunka zuwa maƙabarta. Ka manta nauyinsa?"

Kawu ya kau da kai.

"Ni ban manta ba. Ƴata ba za ta zauna tana matsa ƙafar ɗanta yana ihu tana kallo ba. In ta yi wannan auren, ba da yawuna ba."

Muka tafi Damagaram, Kawu a tsakaninmu cikin motar kar. Duk hanya ina roƙon Allah ya sa idona ne ya yi ƙarya.

Bai yi ba.

Likitan ya ce kowane ciki da zan ɗauka, ɗaya cikin huɗu ne yaron ya zo da ciwon.

"Kin ji ko?" Aisami ya tare ni a bakin ƙofa, idonsa jajur. "Uku namu ne, Hamsatu! Uku!"

"Inna ma uku nata ne, Aisami. Biyu ta binne."

"To ba za mu haihu ba!"

"Kai da ka gama raɗa wa ƴaƴanmu suna tun muna koleji?"

"Ba na so! Ke nake so... ke kaɗai, wallahi."

"Ni ma kai nake so. To ya zan yi?"

Ya juya ya nufi wurin Kawu. Na bi bayansa.

Ban daina zuwa zagayen ba, don can kawai nake ganinsa. Fa'iza ta riƙa kawo masa dabino tana zama kusa da shi. Ko kallon inda take bai taɓa yi ba. Ni kuwa ko ƙarfin jin haushinta ba ni da shi.

Ziyarar ƙarshe ta ɗakin yara ce a gidan likita. Muna shiga ihu ya tare mu. Wata yarinya ce daga Bune mai amosanin jini, ba ta wuce shekarun shiga lekol ba, tana murɗewa a kan gado.

"Ƙashina, Inna! Ƙashina!"

Uwar na goga mata tsumma mai ɗumi, ita kanta ta gaji da kuka. Mai jinya ta waiga ta ga Aisami.

"Kai mai son zama likita, zo riƙe mini hannunta in sa ruwa."

Ya riƙe. Yarinyar ta damƙe yatsunsa tana kallonsa.

"Baba, ka ce ya bari..."

Aisami ya ƙara riƙe hannunta. Bai saki ba har aka gama.

A waje, ƙarƙashin bishiyar bedi, hadari na haɗuwa ta gabas. Aisami ya juyo ya dube ni.

"Da tamu ce fa?"

Na sunkuyar da kai.

"Da tamu ce, ta ce in ce ya bari, me zan ce mata?" Hawaye suka zubo masa. "Gwaggo ta fi mu gaskiya. Zan koma Damagaram wurin yayana, can zan yi bak. In ina ganinki kullum ba zan iya ba."

"Aisami, don Allah..."

"Ki yafe mini. Ni na miƙa yatsan."

"Ni na soke shi."

Ya yi wata dariya marar daɗi, ya goge fuska da hannun riga.

Da safe ya zo sallama. Ya durƙusa gaban Inna, ta dafa kansa. Ni ina ɗaki, na ji takunsa ya tsaya a bakin labule. Na riƙe numfashi. Da ya kira sunana, wallahi da na bi shi.

Bai kira ba.

Da zauren ya yi shiru na faɗi a kan tabarma. Inna ta shigo ta ɗora kaina a cinyarta, hawayenta na ɗiga a kunnena.

"Inna, zan mutu..."

"Ba za ki mutu ba, ƴata. Yi kukanki, ban hana ki ba. Na yi irin wannan kukan, na yi na binne ɗa. Wannan ne na zaɓar miki."