Nisan Kano da Jidda

Ranar da jirgin alhazai ya tashi da Inna Kulu daga Kano, ɗanta Ja'afaru, tela a Ƙofar Kibo, ko zare ya kasa sa wa allura. Tsohuwar ko jirgin ƙasa ba ta taɓa shiga ba, ga ta da ciwon ƙirji. Abu ɗaya yake son sani: awa nawa za ta yi a sama kafin ta sauka Jidda?

Kowa ya tambaya da irin amsarsa. Mai shayi ya ce kwana biyu, har da yada zango a Sudan. Wanzami ya ce wuni guda. Wani maƙwabci ya ce ai tafiyar sama ba a lissafa ta.

"Gari cike da masana, amma ba wanda ya sani!" in ji Ja'afaru.

Da la'asar sakaliya ya taka har unguwar Tukur-Tukur wurin abokinsa Mamman, mai aiki a filin jirgi. Ya tarar ba ya nan. Ya jira har ya gaji, ya juyo yana tsaki, ya yanke ta wani giɓin ganuwa don ya sami magariba a gida.

Nan warin kananzir ya buge shi. Babu gida kusa, babu fitila. Tsuntsayen da ke hayaniya a kan wata bishiyar kuka suka yi tsit.

Wani dattijo na zaune a bisa ganuwa. Ƙafafunsa har ƙasa.

"Malam Ja'afaru," ya ce da raɗa, "tun safe kake damun mutane da tambaya."

Haushi ya hana Ja'afaru lura. "To Baba, in ka sani ka faɗa mini. In ba ka sani ba, ba ni hanya."

"Ƙarfen nan naku awa biyar yake yi yana toshe mana kunne. Mu kuwa kafin ladan ya ƙare mun je mun dawo. Zo ka gani."

Ya cafke masa wuyan hannu. Sanyi ƙalau, kamar gindin randa.

Daga cikin gari ladan ya ɗaga murya.

Ƙasa ta suɓuce wa Ja'afaru. Iska ta cika masa baki, ta fizge hularsa.

Sai duhu. Sai ƙarnin ruwan gishiri.

Sai fitilu a jere, da jama'a cikin fararen kaya, da sautin wani tari da ya sani tun yana goye.

"Ka gani?" in ji muryar. "To, zauna nan."

Yatsun suka fara sassautawa.

Ja'afaru ya ƙanƙame hannun da hannu biyu. Ya fara karanta Ayatul Kursiyyu.

Tim! Ya faɗo a gindin kuka. Rigarsa sharkaf, leɓensa duk gishiri. Ladan bai ƙare ba tukuna.

Ya daɗe yana jinyar zazzaɓi, bai gaya wa kowa ba. Ya daina bi ta giɓin nan ko da rana tsaka.

Da Inna Kulu ta dawo, bayan 'yan barka da zuwa sun watse, ta ƙura masa ido.

"Ja'afaru, daren da muka sauka, na ga wani kamar ka a sansaninmu. Kansa ba hula, yana riƙe da iska da hannu biyu. Na kira sunanka, sai ban ƙara ganinsa ba."

Ja'afaru ya sunkuyar da kai, ya tura mata moɗa.

"Sha ruwa, Inna. Kin sha hanya."