Marainiyar Lamba

Da hantsi aka kira Sufeto. Tsohon malamin lissafi ne aka tsinta kwance a ɗakin karatunsa, ƙeyarsa ta bugi kusurwar tebur, rai ya yi halinsa.

Allo ya cinye bango guda. A samansa wata lamba ce doguwa, daga wannan gefe har wancan, kai ka ce jerin tururuwa.

"Mece ce wannan, Baaba?" Sufeto ya tambayi matar mamacin.

"Marainiyarsa kenan, ɗan nan. Wai babu lambar da ke raba ta daidai sai ɗaya da ita kanta. Tun yaronmu na rarrafe yake neman tabbatarwa. A bakin ƙofa nake ajiye masa abinci, ba mai shiga."

Wata tsohuwar ɗalibar mamacin ta zo gaisuwa. Da ta ɗaga kai ta dubi allon, sai ta dafe ƙirji.

"Yallaɓai, an taɓa ta! Bakwai ce a ƙarshe, ba takwas ba. Duk lambar da ta ƙare da takwas ai biyu na raba ta. Malam ba zai ƙarar da rayuwarsa kan wannan ba."

Sufeto ya duƙa. Ƙarƙashin tebur ga guntun alli, da shatin yatsa na baƙin mai a jikinsa.

Ɗan mamacin bakanike ne. A gareji aka same shi, ya tasa injin mota a gaba, ko sifana bai ɗauka ba.

"Yaushe rabonka da ɗakin babanka?"

"Tun ina yaro, Yallaɓai. Ni da lissafi ai hanyar jirgi daban, ta mota daban."

"Miƙo hannunka."

Sufeto ya ɗora masa allin a tafi. Bakaniken ya dubi shatin yatsan da ke jikin allin.

"Matata ta haihu," ya ce. "Sau nawa ina aika masa, bai leƙo ya ga jikansa ba. Da ya shiga wanka sai na goge bakwai na sa takwas. Na ce in ya ga ta rabu zai haƙura ya fito."

"Wa ya koya maka haka?"

"Shi. A cinyarsa. Karatun da ya taɓa yi mini kenan duk duniya." Ya share hanci da bayan hannu. "Ya dawo ya tarar da ni, ya shaƙe mini riga yana kuka. Ture shi kawai na yi, wallahi."

Sufeto ya daɗe yana juya ankwa kafin ya sa masa.

Da suka biyo ta ƙofar gida, uwar na tsaye riƙe da jaririn.

"Me ya kai ka, ɗana?"

"Inna, so na yi ta rabu biyu, ko na samu rabin ubana."

Aka rufe ƙofar mota.