Layin Alli a Kan Benci

A wani gari an taɓa yin rabon ƙasa wanda har yau ana ba da labarinsa. Ƙasar dai wani benci ne, tsawonsa taku shida.

Wani kafinta da wani mai yankan ƙarfe ne ke aiki a kansa. Suka ja layi da alli a tsakiya. Kafinta ya ce, "Nan nawa, can naka."

Kullum mai ƙarfe sai ya ce, "Maƙwabci, share garin katakon nan mana, injin zartona yana watsa tartsatsin wuta." Kullum kafinta sai ya ce, "Ai a ɓangarena yake."

Ran nan kafinta ya gama wata ƙofa da ya yi wata guda yana fama da ita, ya tafi cin tuwo. Ya kai loma baki ke nan sai ya hango hayaƙi. Ya sheƙo a guje, ya tarar garin katakon ya kama wuta, mai ƙarfe ya tsallaka layi ya kashe wutar da rigarsa. Ƙofa tana nan lafiya lau.

Mai ƙarfe ya ce, "Yi haƙuri, maƙwabci, na shigo ɓangarenka ba izini."

Kafinta ya ɗauki tsintsiya ya share bencin kaf, har da layin. Da ma alli ne.